Ranar da Na Yi wa Surukina Wanka da Ruwan Tarwaɗa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, na tabbata zai bar mini wata safiyar Asabar guda ɗaya, wadda na durƙusa gaban surukina a bakin tafkin kifinsa ina amsa gaisuwa, jirgin da na ƙera da hannuna kuma yana ta watsa masa ruwan tarwaɗa a farar babbar riga. Shekaru sun shuɗe, 'ya'yanmu har sun tasa, amma har yau in na ji ƙarnin kifi sai safiyar nan ta dawo mini.

A lokacin ina da ɗan shagon gyaran waya da kwamfuta a Gangaren Tudu, nan cikin Keffi, aurena kuma bai cika shekara biyu ba. Ta waya ciwon ya kama ni. Wata rana ina zaune babu kwastoma, na ci karo da bidiyon wasu mutane a ƙasar waje suna tsere da ƙananan jiragen ruwa masu aiki da batir, ana tuƙa su da rimot daga bakin gaɓa. Jirgin bai wuce tsawon hannun mutum ba, amma in ya gifta sai dai ka ga farin ruwa a bayansa. Wanda ya fi tafiya da hankalina shi ne mai gindi biyu, wato kamar siraran kwale-kwale biyu aka jera aka haɗa su da rufi ɗaya, aka bar rami a tsakaninsu. Iska ce ke bi ta ramin ta ɗaga jirgin, har ya zama ɗan bayansa kaɗai ke taɓa ruwa, shi ya sa yake gudu na fitar hankali. Na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin, sannan na ce a raina, to su waɗannan kai biyu gare su? Ni ma sai na ƙera nawa.

Wata bakwai na yi a kansa. Na yanka siririn falanki na haɗa gangar jikin, maƙwabcin shagona kuma, wani ɗan ƙabilar Mada mai gyaran bambar mota, ya koya mini yadda ake shimfiɗa faiba a shafe ta da gam har ta yi ƙarfi. Injin lantarkin da farfela da batir, wani abokina ne a Abuja ya yi mini odarsu. Injin yana zafi sosai in yana gudu, dole ruwa ya riƙa zagaya shi, don haka na je kemis na sayo robar ƙarin ruwa na ja masa layi daga ƙasan jirgi. Mai kemis har yana tambayata wa ke kwance. Na ce masa babu kowa, amma da ya tambayi matata da ta ce masa ni ne.

Gaskiya matata ta yi haƙuri da ni. Falonmu ya koma gareji, ƙurar gugar faiba a kan kujeru, warin gam har cikin abinci. Ta daina kirana da sunan da ta saba, ta koma ce mini Injiniya, kuma ba da sigar yabo ba. Matsalata babba ita ce wurin gwaji. Kogin garinmu in damina ce yana ambaliya da laka da itace, in rani ne kuma yashi ne zalla. Ranar da haƙurina ya ƙare na cika bahon wankinta da ruwa a tsakar gida, na danne jirgin da hannu ɗaya na ja rimot da ɗayan. Kafin in ƙifta ido babu ruwa a bahon, duk ya koma kan shanyarta da ta bushe. Ko a nan ba ta yi faɗa ba, ta ce dai, “Sannu da aiki, Injiniya,” ta kwashe kayan ta sake ɗaurayewa.

Ana gab da gamawa maƙwabcin nan nawa ya ɗaga jirgin ya jijjiga shi, ya ce, “Oga, wannan abu naka ya yi kyau, amma ka sa masa soso mai tauri a ciki fa. Irin wanda yake cikin bangon kula. In ba haka ba, ranar da ya kife zai tafi ƙasa direct, sai dai ka yi masa addu'a.”

Na koma gida da maganar a kaina, idona kuwa ya faɗa kan wata babbar kula ja da ke saman kabet ɗin matata. Tun da aka kawo ta gidan kular nan tana cikin kwalinta, ko sau ɗaya ban ga an zuba abinci a ciki ba, sai dai lokaci-lokaci in ga ta sauko da ita ta goge ta mayar. Ita kuma ranar ta tafi suna. Na yi lissafina irin na masu ilimi: abin da ba a amfani da shi, ai gara a yi amfani da shi. Na ɗauko zarto na raba kular gida biyu, na ƙwaƙule soson tas, na cusa a gindin jirgin dama da hagu, na liƙe da gam. Har ina yaba wa kaina.

Da ta dawo ta tarar da jajayen ɓaraguzai a tsakar falo, ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da na fi samun sauƙi. Ta tsuguna ta riƙa tsince su ɗaya bayan ɗaya tana sawa a leda. Ni kuma maimakon in rufe bakina, sai na ce, “Kula ce fa kawai, kuma ba kya amfani da ita. Zan sayo miki wadda ta fi ta.” Ta ɗago ta dube ni, irin kallon da ban taɓa gani a fuskarta ba, ta zura hijabi, ta ɗauki ledar ta fita. Gidansu ta tafi a unguwar Yara.

Kwana tara ina cin burodi da shayi. In na kira ba ta ɗauka. Na tura yayana biko, ya dawo yana girgiza kai, ya ce maganar ta fi yadda nake zato, don yarinyar ta ce ba ta ga ranar komawa ba. Saƙon mahaifinta kuma gajere ne: in zo da kaina ranar Asabar da safe, ba gida ba, gonarsa ta wajen Jigwada, kuma in zo da abin da ya sa na yanka kular, yana so ya gani da idonsa. Nan na gane aurena ne a kan sikeli.

Sai na faɗi wane ne surukina kafin a gane abin da ya biyo baya. Tsohon ma'aikacin gona ne da ya yi ritaya ya koma kiwon tarwaɗa, mutum mai magana a hankali, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba. A gidanmu kuwa an horar da mu cewa suruki ba abokin kallo ba ne. In ka gan shi ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka haɗa hannu, ka kafe idonka a ƙasa, kuma ba kai ke yanke gaisuwa ba, shi ne. Ni har na zarce abin da aka koya mini. In na hango shi a hanya sai in canza layi. Shekara biyu ina auren 'yarsa, amma na fi sanin takalmansa a kan fuskarsa. Da za a jera dattawa goma a ce in nuna shi, ƙafafu zan duba.

Ranar Asabar na ci shaddata ta salla da hula, maƙwabcina ya kai ni a babur, jirgin a rungume a ƙirjina. Baba bai iso ba. Da maƙwabcin nawa zai juya ya ce, “Oga, abeg, kar ka taɓa ruwan nan sai Baba ya zo. Ka zauna kamar mutumin kirki.” Na ce haba, ai ni ba yaro ba ne.

To amma fa ban taɓa ganin ruwa irin wannan ba. Tafki ne na ƙasa, dogo, ya kusa rabin filin ƙwallo, ruwan kore shar, a kwance luf, ko iska babu. Wata bakwai ina mafarkin irinsa. Na zauna a kan wani buhu na ɗan lokaci ina kallon ruwa ina kallon jirgi. Daga nan na fara ba kaina hujja: in Baba ya ce in nuna masa, abin kuma ya ƙi tashi fa? Ai kunyar ta fi yawa. Gara in yi zagaye ɗaya tak, a hankali, don in tabbatar. Na haɗa batir, na liƙe murfi, na ɗora shi a kan ruwa.

Rimot ɗin kamar ƙaramar bindiga yake. Akwai kunama da ake ja da yatsa, ita ce totur, akwai kuma ɗan sitiyari a gefe. Na taɓa kunamar kaɗan, jirgin ya zabura, ya ɗaga hanci, ya miƙe a kan ruwa yana wani siririn kuka, jelar ruwa ta tashi a bayansa ta fi tsayina. Wallahi a wannan lokacin na manta ina da mata, balle a ce ta yi yaji. Zagaye ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama biyar. Ina tsaye daf da bakin ruwa ina washe baki ni kaɗai, sai na ji a gefena an ce, “Salamu alaikum.”

Na duba ƙasa na ga takalman.

Jikina ne ya yi aikin da ya saba ba tare da ya shawarce ni ba. Ƙafafuna suka fice daga takalmi, gwiwoyina suka kai ƙasa, idona ya kafe a kan ciyawa, hannayena biyu suka haɗe da rimot ɗin a tsakaninsu. Da suka haɗe, yatsana ya matse kunamar har ƙarshe, ɗan sitiyarin kuma ya tokari gwiwata ya karkace. Mutane in na ba su labarin nan sukan ce, to me ya hana ka saki? Ni kuwa nakan ce musu ba su taɓa durƙusawa gaban suruki suna da laifi ba. A lokacin ban san ina da yatsa ba.

“Wa alaikumus salam. Ina kwana, Baba?”

“Lafiya lau, Malam. An tashi lafiya?”

“Lafiya lau, Baba.”

Kukan jirgin ya canza, ya koma irin wanda ban taɓa ji ba, yana nisa yana dawowa. Abin da ya faru a kan ruwa ban gani da idona ba, matata ce ta ba ni labari daga baya, don ashe tare suka zo, tana tsaye a ƙarƙashin mangwaro a bayanmu. Ta ce jirgin ya kama wani babban zagaye ne, kuma gefen zagayen ya faɗo daidai inda muke. Ni dai abin da na sani, Baba yana cewa “Ina gajiya?” na ji shaaa, ruwa mai ɗumi da ƙarni ya sauko mana kamar an juye bokiti.

“Ba gajiya, Baba,” na ce, ruwa yana ɗiga daga hulata.

Na zaci zai yi tsalle ya ja baya, ko ya daka mini tsawa, in samu in farfaɗo. Ina! Shi ma mutumin da ne, ba ya barin gaisuwa a tsakiya. Takalman nan ko motsi ba su yi ba. Ina kallon gefen farar rigarsa tana komawa koriya, ya ce cikin natsuwa, “Ya kasuwa?”

“Da godiya, Baba.”

Shaaa.

“Ya mahaifan naka?”

“Suna lafiya, suna gaishe ka.”

“Madalla. Ya iyali?”

Wannan tambayar ta fi ruwan zafi, don iyalin da yake tambaya kwanansu tara a gidansa. Amma gaisuwa ba ta da wata amsa, na ce, “Lafiya lau, Baba,” na ƙara sunkuyar da kai don kunya. Sunkuyawar nan ce ta janye gwiwata daga sitiyarin. Jirgin ya yi mana wanka na uku, sannan ya miƙe sak ya nufi ƙarshen tafki da dukkan ƙarfinsa. Irin wannan jirgi in gudu ya yi yawa, iskar da ke ɗaga shi ita ke kayar da shi. Matata ta ce ta ga ya ɗaga hanci sama, ya bar ruwa gaba ɗaya, ya yi alkafura biyu a iska, ya daki bututun da ke zuba ruwa a tafkin, ya faɗo a kife. Ni ƙarar kawai na ji, ƙwas, sai kuma shiru.

Baba ya ce, “To madalla. Barka da zuwa.” Gaisuwa ta ƙare ke nan.

A cikin shirun nan na ji wani sauti daga wajen mangwaro, kamar mutum yana ƙoƙarin danne tari. Na san dariyar matata ko a cikin kasuwa. Rabona da jin ta tun kafin in fara shafa faiba.

“Malam,” in ji Baba, “je ka ɗauko kayanka kada kifina su ci roba.”

Ba a tuɓe riga gaban suruki, don haka da shaddata da hulata na shiga. Ruwan ya kawo mini ƙirji, laka ta riƙe ƙafa, tarwaɗa kuma da suka saba in an motsa ruwa abinci ne ya zo, suka yanyame ni suna goga mini gashin baki a ciki. Ina tafe ina salati. Na tarar da jirgin ya tsage daga hanci har tsakiya, farfelar ta karye, injin ya sha ruwa, amma bai nutse ba. Yana nan a saman ruwa, soson kular ya riƙe shi. Na rungumo shi na fito tsamo-tsamo na sake durƙusawa.

Baba ya matse hannun rigarsa, ya zauna a kan buhun da na tashi, ya karɓi jirgin ya jujjuya shi. Ya daɗe yana dubawa, har ya leƙa ramin tsakiyar. Ya ce, “Kai ka yi wannan da hannunka?” Na ce e. Ya ce, “Aiki ne mai kyau. Wata nawa?” Na ce bakwai.

“Tun ɗazu kana jin kukansa, ka san zai fashe. Me ya hana ka ɗaga kai?”

Na ce, “Baba, kana tsaye.” Ban ce masa rabin abin tsoro ne ya sandarar da ni ba.

Ya ce, “Aikin wata bakwai ka bari ya tarwatse don kada ka haɗa ido da ni. Ni da ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa. To yarinyar nan da kuke gida ɗaya, take dafa maka, take share ƙurar wannan abin, ita ba ta ci ko kaɗan daga kunyar nan ba? Ko tambaya ɗaya?” Ya sa yatsa ta tsagar jirgin ya taɓa soson. “Ka san wa ya sayi kular nan?”

Na ce a'a.

“Mahaifiyarta ce, Allah ya ji ƙanta. Tana kwance a asibiti ta aika aka sayo, ta ce ko ba ta ga bikin ba a sa a cikin kayan 'yarta. Ba ta kuwa gani ba.”

Na san surukata ta rasu wata biyu kafin aurenmu, har jana'iza na je. Amma shekara biyu ina ganin matata tana sauko da kular nan tana gogewa, ban taɓa cewa me ya sa ba. Na san nauyin batir ɗin jirgina, na san kaurin farfelarsa, ban san wannan ba. Duk abin dariyar da ke cikin safiyar nan ya fice mini, na ji na tsani kaina. Ranar ce na fara kuka a gaban surukina, ruwan tafkin da ke fuskata ne ya ɗan rufa mini asiri.

Baba ya miƙe ya ce zai je ya canza riga a ɗakin gona, kuma ya yi tafiyarsa a hankali yadda za mu samu lokaci. Matata ta matso. Ban tashi daga durƙuson ba, na juya gare ta a haka, abin da ban taɓa yi ba. Na ba ta haƙuri, kuma wannan karon ban yi zancen sayo wata ba. Na ce in ta yarda zan fasa jirgin in ciro soson in ba ta abinta. Ta karɓe shi ta duba, idonta ya yi ja amma bakinta yana rawa da dariya. Ta ce, “Injiniya, a duk jirgin nan naka kular Mamata ce kaɗai ta yi aikinta.” Ta goge ido da gefen hijabi ta ce, “Bar shi a ciki. Kuma don Allah ka matsa can, kana ƙarni.”

Bayan kwana biyu ta dawo. Jirgin ban gyara shi ba, ita ta hana. Yana nan a saman kabet, a tsage, daidai inda kular take da, kuma ita ce ke sauko da shi tana gogewa. Na ƙera wasu biyu bayansa, duk a tafkin Baba nake gwada su da izininsa, sai dai yanzu in na hango takalmansa nakan ajiye rimot a ƙasa tukun kafin in durƙusa.

Abin da na koya a ranar bai da tsawo. Mun iya ladabi ga wanda muke gani sau ɗaya a wata, mu tuɓe masa takalmi mu sunkuyar da kai, wanda muke tashi da shi kullum kuwa mu ɗauka shi da kayansa duk namu ne. Tun daga ranar, ko cokali zan ɗauka a ɗakin matata sai na tambaya, kuma in na ga tana goge wani abu da ba ta amfani da shi, nakan zauna in ce ta ba ni labarinsa.